Zan iya canza taimin bel na motata da kaina, alhali ban taɓa yi ba?

Malam, ka ce kana da Camry ƙirar shekarar 2000 mai silinda huɗu, wadda ka saya a hannun wani shekara uku da suka wuce, ba ka san ranar da aka canza mata taimin bel ba, kana iya juyen baƙin mai da canjin fulogi da ƙananan gyare-gyaren birki da kanka, kuma kana tambaya ko hankali ne ka ɗauki wannan aikin ma da hannunka. Amsata ita ce e, za ka iya, kuma da za a ce in zaɓa wa mai koyo injin da zai fara wannan aiki a kansa, da wuya in tsallake irin naka. Sharaɗina guda ɗaya ne, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa yana komawa gare shi: bayan ka ɗora sabon bel, kada ka kuskura ka murɗa makulli sai ka juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, ka ga da idonka cewa alamomin jeri da ke jikin injin sun dawo mazauninsu.

Dalilin wannan sharaɗi yana cikin aikin da bel ɗin yake yi. A ƙasan injin akwai kirankshaf, wanda fistan suke juyawa, a sama kuma akwai kamshaf, wanda yake buɗe bawul yana rufewa. Taimin bel shi ne ya haɗa su da haƙoransa, ta yadda duk lokacin da na ƙasa ya yi zagaye biyu, na sama zai yi ɗaya daidai, ba ƙari ba ragi. Idan haƙori ɗaya ya goce, bawul zai riƙa buɗewa kafin lokacinsa ko bayan lokacinsa, motar ta rasa ƙarfi, ta riƙa karkarwa a tsaye, ta ƙara shan mai. Idan gocewar ta yi yawa ko bel ya tsinke, abin da zai biyo baya ya danganta da ƙirar injin, kuma a nan ne injuna suka rabu gida biyu. Akwai waɗanda bawul idan ya buɗe sosai yake saukowa har inda kan fistan yake kaiwa idan ya hau sama, wuri ɗaya suke amfani da shi, lokaci ne kawai ya raba su. A irin waɗannan, da zarar bel ya tsinke fistan zai doki bawul ya lanƙwasa shi, sai an sauke kan silinda gaba ɗaya. Akwai kuma waɗanda aka bar tazara tsakanin biyun, ko da bel ya tsinke motar mutuwa kawai za ta yi ta tsaya. Injin lita 2.2 na Camry irin taka, wanda Toyota ta sa wa lamba 5S-FE, yana cikin kashi na biyu. Ma'ana idan ka yi kuskure a jeri, abin da za ka yi asara shi ne lokaci da gumi, ka sake kwancewa ka gyara.

Saboda haka, kafin ka sayi komai, ka tabbatar da cewa injin da ke cikin motarka shi ne wanda nake magana a kai. Camry ta waɗannan shekaru ta zo da mai silinda shida ma, 1MZ-FE, kuma tsarinsa daban ne ƙwarai. Sannan motar da ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana yawo daga hannu zuwa hannu, ba abin mamaki ba ne a tarar an taɓa sauya mata injin. Ka duba takardar da ke manne a cikin bonet, ka kuma nemi lambar da aka buga a jikin injin kansa. Wanda yake karanta wannan amsa alhali motarsa wata ce daban, ya sani cewa Camry mai silinda huɗu daga 2002 zuwa sama sarƙa take amfani da ita, haka ma Corolla mai injin 1ZZ-FE, ba su da bel ɗin da za a canza. Honda Accord mai silinda huɗu ta 1998 zuwa 2002 kuwa tana cikin masu lanƙwasa bawul, tana da ƙaramin bel na biyu, kuma injinta yana juyawa ne saɓanin yadda hannun agogo yake tafiya. Peugeot 406 ita ma tana lanƙwasa bawul, kuma ana kulle ta ne da ƙarafa da ake zurawa cikin ramuka kafin a cire bel. Ba zan ba mai koyo shawarar ya fara da ɗaya daga cikin waɗannan biyun shi kaɗai ba, sai da wanda ya taɓa yi a tsaye kusa da shi.

Game da ko lokacin canji ya yi, tun da ba ka san tarihin motar ba, ka ɗauka ya yi. Abin da aka saba bi ga Camry ta waɗannan shekaru shi ne mil 90,000, kimanin kilomita 145,000 ke nan, ko shekara shida, duk wanda ya riga zuwa. Ka lura cewa motocin da aka shigo da su daga Amurka mil suke ƙirgawa, kuma lambar da ke kan mita ba koyaushe take faɗin gaskiya ba. A ra'ayina, da irin zafin da muke da shi da ƙurar hunturu, wanda ya canza a wajen kilomita 100,000 ko shekara biyar bai yi almubazzaranci ba. Kada ka jira wata alama, domin taimin bel ya sha bamban da fanbel da ke ƙara idan ya gaji. Sau da yawa yana aiki lafiya lau har zuwa daƙiƙar da zai saki, kuma ba ya zaɓen wuri, yana iya zama a tsakiyar titi kana ƙoƙarin wuce babbar mota.

Wajen sayen kaya mutane da yawa suke kuskure tun kafin su taɓa sifana. Bel kaɗai ba ya wadatarwa. A injinka wannan bel ɗin shi ne yake juya famfon ruwa da famfon baƙin mai, kuma yana bi ta kan fule biyu masu boris a ciki, ɗaya kafaffe, ɗaya kuma shi ne tenshina, wanda sifirin yake ja domin ya ɗame bel. Idan boris ɗin ɗaya daga cikinsu ya ci, ko famfon ruwa ya kama, sabon bel zai lalace kamar yadda tsoho zai lalace, kuma duk wahalar da ka sha ta kwancewa sai ka maimaita ta. Don haka ka sayi bel, da fule biyun, da sifirin ɗin tenshina, da famfon ruwa tare da gaskit da robobinsa, da sil, wato zoben robar da ke hana mai yoyo, na kamshaf da na kirankshaf da na famfon mai ka ajiye a gefe, da ruwan lagireto na gaskiya. Sunayen da aka sani da inganci su ne Aisin a famfon ruwa, Mitsuboshi ko Gates a bel, Koyo ko NSK a boris, amma daidai waɗannan sunayen ne masu jabu suka fi bugawa a kwali. Idan za ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka tafi da wanda ya san kaya kuma ya san masu shago, ka ce na asali kake so, ka yarda ka biya kuɗinsa. Abu ɗaya da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne bel na hannu da aka ciro daga wani injin, komai kyan da ya yi a ido, domin zaren da ke cikinsa ne yake gajiya, kuma ba a ganinsa daga waje.

Kayan aiki ba su da yawa. Soket da sifana masu lamba 10, 12, 14, 17 da 19, dogon hannu mai ƙarfi na kwance noti mai tauri, jak da abin tokare mota na ƙarfe, guntun katako mai faɗi, fenti fari ko ruwan goge rubutu, tocila, da ɗan ƙaramin madubi. Abu biyu ne ya kamata ka aro idan ba ka da su: sifanar da ake saita ƙarfin ɗauri a jikinta, da ƙarfen riƙe babban fulen ƙasa. Ka samu littafin gyaran motar ko shafukan da suka shafi wannan aiki, ka karanta su sau biyu kafin ranar. Gwani yana gama aikin cikin awa biyu zuwa uku, kai kuwa ka ware yini guda cur, ka fara da sassafe injin yana sanyi, kuma kada ya zama gobe kana da tafiya. Mafi yawan ɓarnar da na gani a wannan aiki ta faru ne bayan la'asar, lokacin da haske ya fara raguwa mutum yana son ya gama ko ta halin ƙaƙa.

Ka ajiye motar a daɓe mai ƙarfi kuma shimfiɗaɗɗe, ka ja birkin hannu, ka sa weji a tayoyin baya, ka cire wayar batir ta baƙin kai. Ka ɗaga gaba ta hannun dama, ka tokare da ƙarfe, ka cire taya ka tura ta ƙarƙashin motar domin ƙarin kariya. Kada ka dogara da jak kaɗai, kuma kada ka tokare da bulo, domin bulo fashewa yake yi ba tare da gargaɗi ba. Idan ka cire robar da ke cikin gidan taya, babban fulen ƙasa zai fito fili yana kallonka. Daga nan ka sassauta altaneta da famfon sitiyari ka cire bel ɗinsu, ka cire ƙarfen da ya riƙe injin ta wannan gefe daga sama tare da mazauninsa. Idan wuri ya yi maka ƙunci, ka sa jak a ƙarƙashin injin da katako a tsakani, ka ɗaga kaɗan, amma kada ƙarfen jak ya taɓa tukunyar baƙin mai kai tsaye, zai lotsa ta. Duk abin da za ka cire, ka ɗauki hotonsa da waya tukuna, kuma notin kowane ɓangare ya samu ledarsa ko gwangwaninsa daban, domin notinan murfin bel ba tsawonsu ɗaya ba. Ka cire fulogi huɗun ma, injin zai yi sauƙin juyawa da hannu.

Notin babban fulen ƙasa shi ne wurin da zai gwada haƙurinka. Kansa lamba 19 ne, an ɗaure shi da ƙarfi, shekaru da zafi sun ƙara masa tauri, kuma da ka murɗa shi injin ne gaba ɗaya zai biyo ka yana juyawa. Hanya mafi tsafta ita ce a riƙe fulen da ƙarfen da aka yi domin haka, wanda ake ɗaurawa a ramukan da ke fuskarsa, sannan a ja da dogon hannu. Idan ba ka samu ba, ka kai motar garejin da ke da bindigar iska kwana ɗaya kafin aikin, su kwance notin su sake ɗaure shi da hannu daidai awonsa, washegari zai saurare ka. Akwai dabarar da makanikai suke yi ta tokare dogon hannu da ƙasa sannan a taɓa kik sau ɗaya, kuma tana aiki a injin da yake juyawa irin naka, amma na ga soket ya kufce ya yi tsalle da ƙarfin da zai iya karya hannu, don haka ba na koya wa mai farawa ita. Abin da ya fi wannan muni shi ne a cusa sukudireba cikin haƙoran fulen kamshaf a ce bel ya riƙe injin. Idan notin ya fita amma fulen ya ƙi zamewa, ka yi amfani da abin jan da ake ɗaurawa a ramukan tsakiya. Kada ka kama bakinsa na waje ka ja, kada kuma ka buga da guduma, domin fulen ƙarfe biyu ne da roba a tsakani, kuma idan zoben waje ya motsa, alamar da ke jikinsa ta daina faɗin gaskiya.

Yanzu mun zo zuciyar aikin, wato jera alamomi, kuma ana yin sa ne tun tsohon bel yana nan a kai. Ka sassauta notin fulen kawai, kada ka cire fulen tukuna. Ka cire murfin bel na sama. Ka sa soket a notin ƙasa ka juya injin a hankali yadda hannun agogo yake tafiya, har ƙaramin tsagin da ke bakin fulen ya tsaya daidai da lambar 0 da ke jikin murfin ƙasa. Sannan ka hau sama. A jikin fulen kamshaf akwai wani ɗan rami, kuma a bayansa, a jikin marfin da ya riƙe kamshaf, akwai alama. Dole ne ka hango wannan alamar ta cikin ramin. Wurin yana da ƙunci ƙwarai, jikin motar ya tare, ba za ka iya sa kanka ka duba kai tsaye ba, kuma a nan ne madubi zai yi amfaninsa: ka riƙe shi da hagu a gaban ramin, tocila a dama, ka karkata shi har ka ga ɗan tsagin ya bayyana a tsakiyar ramin sosai, ba a gefensa ba. Idan ka duba ta karkace ido zai yaudare ka da kusan rabin haƙori. Idan kuwa ramin ba ya kusa da wurin sam, to kana kan zagayen da ba shi ba ne, ka ƙara juya ƙasa zagaye ɗaya cikakke ka sake dubawa.

Da zarar biyun sun daidaita, ka ɗauko fenti. Ka ja layi daga haƙori ɗaya na fulen kamshaf zuwa kan bel, bayan ka cire fulen ƙasa da murfinsa kuma ka yi haka a ƙaramin fulen kirankshaf mai haƙora, sannan ka zana kibiya a bayan bel mai nuna inda yake tafiya. A bayan murfin ƙasa za ka tarar da wani faifan ƙarfe siriri mai ɗan lanƙwasa a baki, wanda yake hana bel zamowa waje. Ka lura da yadda yake zaune, bakin da ya buɗe yana kallon waje, domin idan aka mayar da shi a juye zai riƙa yankar gefen bel a hankali har ya cinye shi. Sai ka sassauta notin tenshina, ka tura shi baya iyakar inda zai je, ka ɗan ɗaure shi a can, bel zai saki ka zare shi. Ka shimfiɗa tsoho da sabo a kan tabarma, ka ƙirga haƙoran kowanne ka tabbatar adadinsu ɗaya ne kuma siffarsu ɗaya ce, sannan ka ƙirga haƙoran da ke tsakanin layukan fenti biyu na tsohon, ka mayar da layukan a kan sabon daidai wannan adadi. Ka ƙirga sau biyu. Wannan fenti shi ne shaidarka ta biyu, kuma a wannan injin yana da muhimmanci na musamman, domin murfin ƙasa yana rufe ƙaramin fulen kafin ka ɗora bel a sama, ba za ka ga ko ya zame da haƙori ɗaya a ɓoye ba. Kafin ka jefar da tsohon, ka ɗan lanƙwasa shi ka duba gindin haƙoransa. Ƙananan tsage-tsagen da za ka gani a can za su nuna maka saura nawa ya rage masa.

Idan bel ya fita kamshaf ya ɗan zabura ya juya da kansa, kada hankalinka ya tashi, sifirin ɗin bawul ne suka tura shi, sai ka sa sifana a notinsa ka dawo da shi kan alama a hankali.

Kafin ka ɗora komai sabo, ka tsaya ka dubi wurin da kyau. Idan ya bushe, ƙura ce kawai, ka goge ka ci gaba, kuma a karon farko ba laifi ka bar sil ɗin da ba ya yoyo. Idan ka ga danshin baƙin mai, dole ne ka gano inda yake fitowa, domin mai yana kumbura roba yana ruɓar da bel, kuma sabon ba zai kai rabin kwanansa ba. A 5S-FE wurin da aka fi sani da yoyo shi ne famfon mai, ko dai sil ɗin da ke bayan fulensa ko wata siririyar roba mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke bayan murfinsa, wadda take bushewa ta yi tauri kamar busasshen kara. Wajen cire sil ka kiyaye kada bakin sukudireba ya karci sandar da yake zagaye, domin karce ɗaya ya isa ya sa sabon ma ya yi yoyo. Ka shafa wa leɓen sabon ɗan mai, ka tura shi a miƙe har ya yi daidai da fuskar mazauninsa. Ƙaramin fulen kirankshaf yana da wasu haƙora na daban a bayansa waɗanda na'urar ƙirga juyin injin take karantawa, idan za ka zare shi kada ka ɓanɓare ta jikinsu, domin guda ɗaya ya karye motar za ta riƙa sarƙewa ko ta ƙi tashi. Famfon ruwa kuma, ka zubar da ruwan lagireto tukuna, ka kankare tsohon gaskit tas ba tare da ka ƙwarzane fuskar ba, ka ɗaure notinan kaɗan-kaɗan kana zagayawa, ka kuma busar da duk ruwan da ya zuba kafin bel ya zo wurin.

Ɗora sabon bel yana tafiya ne daga ƙasa zuwa sama. Ka sa sababbin fule biyun da sabon sifirin, ka tura tenshina baya ka ɗan ɗaure shi kamar ɗazu. Ka kama bel da hannu mai tsabta, kada ka naɗe shi sosai ko ka karya shi, kuma kada ka tura shi da sukudireba. Ka zaunar da shi a ƙaramin fulen ƙasa layin fenti a kan layin fenti, ka bi da shi ta famfon mai da famfon ruwa da fulen biyu kamar yadda hotonka ya nuna, ka mayar da faifan nan, da murfin ƙasa, da babban fule. Ka tabbatar tsagi yana kan 0, rami yana kan alamarsa, sannan ka ɗora bel a fulen kamshaf ta yadda gefen da ba shi da tenshina zai kasance a ɗame, duk sakin ya taru a gefen tenshina. Wannan ita ce gaɓar da aka fi samun gocewar haƙori ɗaya: idan ka bar saki a gefen da ake ja, da injin ya motsa ƙasa za ta fara tafiya kafin sama ta biyo. Idan ya zauna, ka sassauta notin tenshina kamar rabin zagaye, ka bar sifirin ya ja shi da kansa. Kada ka ƙara masa ƙarfi da ƙarfe kana ganin ɗamewa sosai ita ce alheri, bel da ya ɗame fiye da kima kuka yake yi, kuma yana kashe boris ɗin famfon ruwa.

Lokacin da nake yaron gareji, duk ranar da aka ba ni wannan aiki, maigidana yakan zare makullin motar ya jefa a aljihun rigarsa ya koma inuwa ya zauna. Ba ya ba ni shi sai na juya injin a gabansa, na miƙa masa madubi ya duba da kansa. Na gane hikimar hakan ranar da aka jawo mana wata Honda daga wani gareji, an sa mata sabon bel mai kyau, an tayar da ita ba a juya da hannu ba, bawul suka lanƙwashe a bugun farko, mai motar ya biya kuɗin da ya ninka na bel sau da yawa. Saboda haka ka sa soket ka juya a hankali, yadda hannun agogo yake tafiya, zagaye biyu cikakku, daga 0 ka dawo 0. Kada ka koma baya ko da ka ɗan wuce, sai dai ka ƙara wasu zagaye biyu. Idan ka ji ya tokare da wani abu mai tauri, ka tsaya nan take ka bincika. Idan ka iso, ka ɗauki madubi ka duba ramin sama. Layukan fentin da ke kan bel ba za su dawo wurinsu ba bayan zagaye biyu, kuma wannan ba matsala ba ce, sun gama aikinsu, alamomin ƙarfe su ne abin dubawa yanzu. Idan alamar ba ta tsakiyar rami, ka tura tenshina baya, ka zare bel daga sama, ka gyara da haƙori ɗaya, ka sake juyawa. Ko sau uku hakan ta faru ba abin kunya ba ne.

Idan sun daidaita, saura mataki ɗaya da yawancin mutane suke tsallakewa. Littafin Toyota ya ce a sake juya injin zagaye biyu saura kaɗan, a tsaya a alamar digiri 45 kafin 0, wadda ita ma tana jikin murfin ƙasa, a can ne za a ɗaure notin tenshina, domin a wannan matsayi ne sakin bel yake taruwa inda sifirin zai iya kwashe shi daidai. Ƙarfin ɗaurin tenshina da ɗaya fulen, a ma'aunin da ake rubutawa Nm, 42 ne, na babban notin ƙasa 108, na fulen kamshaf idan ka cire shi 54, na notin taya kuma 103. Ka gwada waɗannan lambobi da littafinka kafin ka ɗaure. Babban notin ƙasa musamman kada a ɗaure shi da kintace, domin idan ya saki fulen zai riƙa kaɗawa har ya cinye mazaunin ɗan makullin da ke bakin kirankshaf, kuma wannan gyara ne mai tsada.

Ka mayar da murfin sama da dukkan notinansa da robar bakinsa. Na sha ganin motoci suna yawo babu wannan murfi, wai don a riƙa ganin bel, alhali tsakuwa ɗaya ko yashi ya isa ya shiga tsakanin haƙora. Ka mayar da mazaunin injin, da bel ɗin altaneta da na sitiyari, da fulogi kowace waya a silindarta, ka cika lagireto, ka haɗa batir, ka ƙirga kayan aikinka ka tabbatar babu soket da ya rage a kan notin ƙasa. Sannan ka tayar. Injin da aka jera daidai yana kamawa nan da nan ya zauna lafiya. Ka bar shi ya yi zafi da hita a buɗe domin iskar da ta shiga hanyar ruwa ta fita, idonka a kan allurar zafi, kana leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Idan ya tashi amma yana karkarwa ko ya yi nauyi wajen amsa totur, ka fara duba wayoyi da tiyo da ka taɓa, in duk suna wurinsu to haƙori ɗaya ne, ka kashe ka koma kan alamomi. Idan kuma noti ya karye a cikin injin, ko zaren wani rami ya ci, ko ka tarar da abin da bai yi kama da hotunanka ba, ka dakata ka kira makanike ya zo inda motar take, kada ka tuƙa ta zuwa wurinsa.

Bayan injin ya huce ka ƙara ruwa, washegari da safe ka sake dubawa, haka kuma bayan mako guda ka leƙa ƙarƙashin murfin ƙasa ko akwai danshin mai ko na ruwa. Ka rubuta kwanan wata da lambar da ke kan mita da fenti a jikin murfin sama, ka kuma rubuta cewa an canza famfon ruwa da fule tare da bel, domin kai ko wanda zai sayi motar bayanka ya san daga inda zai fara ƙirga.